Abincin Tsutsar Zuma da Cutar Fumfuna a Cikin Amya

Ƙwan da sarauniyar zuma ta saka a ramin saƙa yakan ƙyanƙyashe bayan kwana 3, tsutsar da ta fito kuma ba ta da wani aiki sai ci, har nauyinta ya ninka fiye da sau 1,000 cikin kwana 5 zuwa 6, kafin ma'aikata su rufe bakin ramin da kaki. Masu renonta ƙananan ƙudan zuma ne da ba su fara fita kiwo ba, waɗanda ke cin garin fure, wato ƙurar nan mai ruwan ɗorawa da zuma ke ɗaukowa a ƙafafunta na baya, su mayar da shi wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga kawunansu. Ruwan fure yana ba da ƙarfin aiki kawai, amma furotin da maiƙo da bitamin, waɗanda ake gina jiki da garkuwarsa da su, daga garin fure suke zuwa.

A cikin waɗannan 'yan kwanaki ne fumfuna ke samun ƙofa. Mafi shahara ita ce Ascosphaera apis, mai haddasa cutar alli, wadda aka fara bayyana ta a Jamus a shekarar 1913. Tsutsa takan haɗiye ƙwayoyin irin fumfunar tare da abinci, su tsiro a hanjinta, zarensu ya ratsa jiki ya kashe ta, yawanci bayan an rufe ramin, sannan gawar ta bushe ta taurare kamar guntun alli, fara ko baƙa-baƙa. Baƙaƙen su ne masu ɗauke da miliyoyin sababbin ƙwayoyi, waɗanda kan iya zama a raye a tsohuwar saƙa har shekara 15. Ta biyu ita ce cutar dutse, wadda dangin Aspergillus ke kawowa, kuma manomin gyaɗa da masara ya san ɗaya daga cikinsu ko da bai san sunanta ba, domin Aspergillus flavus ita ce ke ɓata hatsin da aka ajiye da danshi, ta bar masa gubar afalatoksin.

Abin da ya cancanci lura shi ne, ƙwayoyin nan suna nan a amyoyi da yawa da ba su nuna alamar ciwo ba, don haka halin da tsutsa ke ciki ne ke yanke hukunci. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya reni tsutsotsi a ɗakin gwaji da abinci iri-iri, ya kuma gano cewa waɗanda aka rage wa ingancin abinci sun fi saurin mutuwa da Aspergillus fumigatus, yayin da ƙara musu garin furanni dabam-dabam ya ƙarfafa juriyarsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tun da zuma na buƙatar sinadaran gina furotin guda 10 da jikinta ba ya iya haɗawa, kuma ba kowane fure ne ke da su a cike ba. Yunwa tana da wata illar ta daban: idan masu reno suka yi ƙaranci, ba za su iya riƙe ɗumin saƙa a wajen digiri 34 zuwa 35 ba, tsutsar da sanyi ya taɓa kuwa ita cutar alli ta fi kamawa.

Wannan ne ya sa sare itatuwa a karkara ya zama abin damuwa ƙwarai ga mai kiwon zuma, domin gawo da ɗorawa da kaɗanya suna fure da rani, lokacin da ciyawa ta bushe kuma gonaki babu komai. Masu amyar zamani ba su dogara da magani ba a cutar fumfuna. Sukan ƙone saƙar da ta kamu, su ɗaga amya daga ƙasa mai laima, su buɗe mata hanyar iska, sannan su sauya sarauniya da wadda 'ya'yanta ke saurin gano matacciyar tsutsa su fitar da ita tun fumfunar ba ta yi iri ba.