Bayani A Kan Tsagewar Robar Kafireto Ta Babur

Ku sani akwai wata cutar babur da ke cin kuɗin mutane a banza saboda ɓoyuwarta. Sai mutum ya canja fulogi, ya wanke kafireto, ya zargi mai sayar da fetur, alhali kuwa laifin yana ga 'yar robar nan da ta haɗa kafireto da inji.

Asalin al'amarin shi ne, aikin kafireto gauraya iska da fetur bisa ma'auni, watau wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur, in an auna da nauyi. Sa'ad da fistin ya sauka yakan zuƙo wannan gaurayen ta cikin robar. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in robar ta tsage, ko ɗaurinta ya saki, iskar da ba a auna ba za ta kutsa, iska ta yi yawa, fetur ya gaza. Abin da ke tsaga ta kuwa zafin inji ne, da rana, da tsufa, da jijjigar hanya mai gargada.

Alamominta huɗu ne. Ta fari, babur ya ƙi tashi da safe sai an ja cok, in an mayar ya mutu. Ta biyu, in an saki totur ƙarar inji ta daɗe ba ta sauko ba, ko ta riƙa hawa da sauka da kanta. Ta uku, salansa ta riƙa fashe-fashe a gangara. Ta huɗu, inji ya yi zafi fiye da kima, bakin fulogi ya yi fari fat, alhali mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi.

Ga yadda ake gane wurin. A kafe babur a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da taba. A haska robar da tocila, a lanƙwasa ta da yatsa, a duba har ƙarƙashinta, domin tsagar takan ɓuya a can ko a gindin ɗauri. Sa'an nan a ta da inji, a bar shi yana aiki a hankali, a fesa ruwa kaɗan a kan robar, gefe bayan gefe. Inda ƙarar inji ta sauya, nan ne ɓarakar. Wasu bakanikai da fetur suke wannan gwaji, amma lalle ruwa ya fi aminci, gama inji mai zafi da fetur ba su zama wuri ɗaya. A wasu babura mahaɗin na ƙarfe ne, da zoben roba a bakinsa, sai a duba zoben.

Maganinta kuwa, in ɗauri ne ya saki, a ƙara matse shi daidai, kada a wuce kima har ya yanka robar. In ta tsage, a sayi sabuwa wadda ta dace da irin baburin, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta yi laushi, a goge ta, kana a sa. Naɗa tef ko shafa gam dabara ce ta isa gida kawai, domin fetur da zafi za su cinye su. Kada kuma a murɗa sukurun kafireto don ɓoye cutar, gama tsagar ƙaruwa take yi.

Haka nan a duba ɗaya robar, wadda ta fito daga matacin iska. In ita ta tsage, ƙurar hunturu za ta shiga inji ba tacewa, ta cinye zobban fistin kamar magagari.

Wanda ya yi sakaci da wannan, zafi na iya ƙona bawul ko ya huda fistin, babur ya tsaya masa a daji ranar kasuwa, da kaya a bayansa, ya biya kuɗin buɗe inji maimakon kuɗin 'yar roba. Saboda haka duk ranar da aka yi juyen mai, a duba robobin nan biyu.