Bayan Katangar Otal: Abin Da Marubutan Karibiyan Ke Nunawa

Hoton da kamfanonin yawon buɗe ido ke tallata Jamaika da Barbados da Antigwa da shi kusan iri ɗaya ne: farin rairayi, shuɗin teku, itatuwan kwakwa, da ma'aikaci baƙar fata riƙe da faranti yana murmushi. Marubutan waɗannan tsibirai sun daɗe suna bin wannan ma'aikaci zuwa gida bayan ya tashi daga aiki, don su ga inda yake kwana da abin da yake ci. Abin da littattafansu suka gano, kuma nake ganin gaskiya ne, shi ne cewa jin daɗin baƙo da wahalar ɗan gari ba a raba su, domin da gumin ɗaya ake gina hutun ɗayan.

Nicole Dennis-Benn ta fito da wannan ƙarara a littafinta Here Comes the Sun na 2016, wanda ta kafa a yankin Montego Bay na Jamaika. Margot ma'aikaciyar babban otal ce, kuma a ɓoye tana sayar da jikinta ga baƙi domin ta biya wa ƙanwarta Thandi kuɗin makaranta. Mahaifiyarsu Delores tana sayar wa masu yawon buɗe ido ƙananan kayan tsaraba a kasuwa. Ita kuwa Thandi, wadda aka ɗora wa burin gidan gaba ɗaya, shafe-shafen mai take yi don fatarta ta yi haske, saboda ta fahimci irin fatar da ake buɗe wa ƙofa a ƙasarta. Ana cikin haka sai ga shirin gina sabon otal da zai tashi ƙauyensu, kuma Margot da kanta tana cikin masu cin moriyar shirin. Nan ƙarfin littafin yake, don marubuciyar ba ta mayar da talaka waliyyi ba. Ta nuna yadda yunwa ke sa mutum ya sayar da maƙwabcinsa. Haka ma Cherie Jones ta Barbados, a How the One-Armed Sister Sweeps Her House na 2021, ta ba mu Lala mai yi wa matan Turawa kitso a bakin teku, wadda ke komawa gida wurin miji ɓarawo mai dukanta, ga gidajen attajiran baƙi nan kusa da ita.

Wannan hali yana da tushe. Gonakin rake da bayin da aka kwaso daga Afirka suka noma su ne suka tsara tattalin arzikin tsibiran, kuma ko da bauta ta ƙare a yankunan Ingila a 1838, mafi kyawun ƙasa ta ci gaba da zama a hannun 'yan tsiraru. Gidan Rose Hall na tsohuwar gonar bayi kusa da Montego Bay yau wurin yawon buɗe ido ne. Dokar bakin teku ta Jamaika, wadda aka yi tun 1956 kafin samun 'yanci a 1962, ba ta bai wa ɗan ƙasa cikakken haƙƙin shiga kowane bakin teku ba, shi ya sa masunta da mazauna ƙauyuka ke ta ƙorafin an katange musu ruwan da kakanninsu suka yi wanka a ciki. Marubuciya Jamaica Kincaid ta faɗi irin wannan da zafi a A Small Place na 1988, inda ta ja hankalin baƙo ga ɗakin karatun Antigwa da girgizar ƙasa ta lalata a 1974 aka bar shi shekara da shekaru ba gyara.

Akwai masu cewa irin waɗannan littattafai ɓata sunan ƙasa suke yi, alhali yawon buɗe ido ne ke ciyar da dubban gidaje. Maganarsu tana da nauyi, kuma annobar korona ta 2020 ta tabbatar da haka lokacin da jirage suka tsaya, otal-otal suka sallami ma'aikata. Sai dai wannan hujja marubutan take ƙarfafawa, domin ƙasar da abincinta ya rataya ga zuwan baƙo tana cikin haɗari, kuma ya kamata a tambayi nawa ke saura a hannun mai share ɗaki bayan kamfanin jirgi da mai otal sun ɗebi nasu, musamman a otal-otal ɗin da baƙo ke biyan komai tun daga ƙasarsa, ba ya ko leƙa kasuwar gari.

Zargi na biyu ya fi ciwo: wai marubutan suna zaune a Amurka suna sayar wa Turawa labarin talaucin danginsu. Gaskiya ne Kincaid da Dennis-Benn a can suke, kuma manyan kamfanonin ɗab'i da kyaututtuka suna Landan da New York. Kyautar Booker ta Ingila ce ta yayata sunan Marlon James a 2015 da littafinsa kan rikicin siyasar Kingston ta Jamaika da harin da aka kai wa Bob Marley a 1976. Amma ficewar marubutan ita ma wani ɓangare ne na labarin, tunda rashin abin yi ne ke korar matasan tsibiran zuwa waje. Cherie Jones kuwa lauya ce, kuma a Barbados take zaune lokacin da littafinta ya fito, cikin mutanen da za su iya ƙaryata ta da a ce ta yi musu ƙage.