Kafin Ka Zuba Kuɗi a Raket: Abin da Gwanin Tanis Ke Dubawa

A Rara, kamar a Rabah da Wurno da Goronyo, in aka ce wasa to ƙwallon ƙafa ake nufi. Amma a cikinmu akwai waɗanda karatu ya kai birni, Sakkwato ko Kaduna ko Kano, suka ci karo da tanis, suka kamu da sonta. Wannan shafi na yau naku ne, ƙannenmu maza da mata da kuka wuce matakin koyo. Kuna iya mayar da ƙwallo sau ashirin ba ta faɗa raga ba, yanzu kuma kuna son ku riƙa ajiye ta daidai inda kuka nufa, tana juyi. A nan ne kowa ke fara tunanin sauya raket.

Sabon raket na manyan kamfanoni irin su Babolat da Wilson da Head da Yonex ya haura dala 200 a Amurka. Ku mayar da shi naira, sannan ku lissafa buhun albasa nawa Baba zai kai kasuwa kafin kuɗin su haɗu. Wanda ya zaɓa ba daidai ba ya yi asara biyu: kuɗi sun tafi, gwiwar hannu kuma tana ciwo. Saboda haka mu fara da magana mafi muhimmanci: raket ba ya juya ƙwallo da kansa. Hannu ne ke juya ta, tsirkiyar da aka saƙa a fuskar raket tana taya shi, firam kuma shi ne na uku.

Me ya sa ake juya ƙwallo?

Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, raga kuma a tsakiya tsayinta santimita 91.4. In ka buga ƙwallo da ƙarfi a miƙe, hanyarta ƙunci ce: ka ɗaga kaɗan ta wuce layi, ka sauke kaɗan ta faɗa raga. Maganin wannan shi ne juyin gaba. Ɗan wasa yana sharɓo ƙwallon daga ƙasa zuwa sama, sai ta tafi tana mirginawa gaba. Tana cikin tafiya tana watsa iska sama ta bayanta, ita kuma iskar tana danna ta ƙasa. Sai ka ga ƙwallon ta haye raga da tazara mai yawa, ta yi ruku'u ta sauka cikin fili, ta kuma yi tsalle har kafaɗar abokin karawa.

'Yan ajin kimiyya za su gane wannan. Isaac Newton ya lura da lanƙwasar ƙwallon tanis tun 1672, sannan Bajamushe Heinrich Gustav Magnus ya yi bayaninta a 1852, shi ya sa ake kiran abin da sunansa. Shi ne dai abin da ke lanƙwasa bugun tazara a ƙwallon ƙafa. Rafael Nadal na Sifaniya, wanda ya ci gasar Faransa sau 14, an auna ƙwallonsa tana juyi kimanin sau 3,200 a minti ɗaya. Ke nan juyi ba ado ba ne. Shi ke ba ka damar buga da ƙarfi ba tare da ka rasa saiti ba.

Darasi biyu daga tarihi

A 1977 wani irin saƙin tsirkiya ya rikita duniyar tanis. Wani Bajamushe, Werner Fischer, ya ƙirƙiro shi: tsirkiyoyin ba su sarƙe da juna ba, sai suna zamewa gefe su dawo, ƙwallo kuma ta tashi da juyin da ba a saba gani ba. A watan Oktoba na shekarar, Ilie Năstase ya yi amfani da shi a Aix-en-Provence ta Faransa ya katse wa Guillermo Vilas nasarar wasa 53 a jere a filin jar ƙasa. Hukumar Tanis ta Duniya ta haramta saƙin. Har gobe doka ita ce tsirkiyoyin tsaye da na kwance su sarƙe, wannan sama wannan ƙasa, kamar saƙar tabarma.

Bayan shekara ashirin, a 1997, wani saurayi ɗan Brazil mai shekara 20, Gustavo Kuerten, wanda ke lamba 66 a duniya, ya ci gasar Faransa da tsirkiyar foliyesta ta kamfanin Luxilon. Ita foliyesta tauri ne da ita da santsi. In ƙwallo ta faɗa mata, tsirkiyoyin tsaye sukan zame gefe, su dawo wurinsu da sauri kamar an saki danƙo, su ƙara wa ƙwallon juyi. Yau kusan duk manyan 'yan wasa da ita suke. A duka labaran biyu ba firam aka sauya ba, tsirkiya ce.

Lambobin da ke jikin raket

Yawancin raket na gaske an rubuta lambobinsa a jikin firam, kusa da wuya. Ku karanta su kafin ku kalli fenti.

Na farko faɗin fuska. Masu koyo ana ba su mai inci murabba'i 105 zuwa 110, domin ko an buga a gefe ƙwallo za ta tafi. Wanda ya ƙware yana tsayawa tsakanin 95 da 100. Ƙaramar fuska ta fi saiti, amma ba ta yafe kuskure. Roger Federer kansa ya daɗe da mai inci 90, a 2014 ya koma 97. In shi ya nemi ƙarin fili, mu 98 ko 100 ya ishe mu.

Na biyu nauyi. Raket na ƙwararru yana tsakanin giram 300 da 340 kafin a sa tsirkiya. Mai nauyi ba ya girgiza in ƙwallo mai ƙarfi ta same shi, amma juyi yana bukatar kan raket ya yi gudu. Wanda ya fi ƙarfin hannunka zai sa ka makara bayan minti talatin. Ga ɗan shekara 15 zuwa 18, namiji ko mace, giram 285 zuwa 305 wuri ne mai kyau na farawa. Duk wanda ya taɓa noma ya san wannan: fartanyar Baba ta fi taka cin ƙasa, amma in ka ɗauke ta ba za ka kai azahar ba.

Na uku inda nauyin ya taru. Tsawon raket na manya inci 27 ne, wato kusan santimita 68.6. Ɗora shi a kan yatsa ka nemo inda ya tsaya cak. In wurin ya faɗo wajen mariƙi, kamar santimita 31 zuwa 33 daga gindi, kansa ba nauyi, zai yi saurin juyawa a hannu. Irinsa masu neman saiti ke so.

Na huɗu saƙi. Za ku ga an rubuta 16x19 ko 18x20, wato yawan tsirkiyoyin tsaye da na kwance. Saƙin 16x19 idanunsa manya ne, tsirkiya na samun wurin motsi, ƙwallo na tashi sama da juyi, amma tsirkiyar kan tsinke da wuri. Saƙin 18x20 a matse yake, ƙwallo na fita ƙasa-ƙasa a miƙe, tsirkiya kuma ta fi daɗewa. Babolat Pure Aero, jinsin da Nadal ya yi suna da shi, inci 100 ne, giram 300, saƙi 16x19. Wilson Blade 98 kuwa ana yin sa da saƙi iri biyun, kowa ya ɗauki nasa. Mai son juyi da saiti gaba ɗaya, fuska 98 da saƙi 16x19 ko 16x20 tsaka-tsaki ne mai kyau.

Sai kaurin mariƙi. Riƙe raket kamar za ka buga, ka sa manuniyar ɗaya hannun tsakanin tafinka da kan yatsunka. In ta shiga daidai, ya yi. In kana kokwanto ɗauki siriri, domin ana iya naɗa masa ƙyallen riƙo ya ƙara kauri, mai kauri kuwa ba a rage shi.

Tsirkiya da zafin ƙasarmu

A nan ne namu ya bambanta da na Turai. Ana ɗaure tsirkiya da na'ura, yawanci da ƙarfin kilo 22 zuwa 27. Ɗauri mai tsauri ya fi saiti, mai sassauci ya fi tura ƙwallo kuma ya fi sauƙi ga hannu. Foliyesta ana sassauta mata fiye da nailan, saboda taurinta. Matsalarta ita ce tana mutuwa tun ba ta tsinke ba: ƙarfin ɗaurin ya tafi, santsin ya ƙare, ta daina dawowa wurinta, sai jijjiga ta riƙa shiga hannu.

Zafi yana gaggauta wannan. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Raket ɗin da aka bari a rana, ko a but ɗin mota daga Rara zuwa birni, ɗaurinsa zai saki. Da hunturu kuma ƙura na shiga mahaɗar tsirkiyoyi tana cin su kamar yashi. A ajiye raket cikin jaka a inuwa, a goge tsirkiya da tsumma bayan wasa.

Sannan ku tambayi kanku: wa zai sake ɗaura mini? Na'urar ɗauri sai a manyan birane, inda ake da kulob na tanis. Masu horarwa na da wata ƙa'ida: sau nawa kake wasa a mako, sau haka za ka sauya tsirkiya a shekara, foliyesta kuma ta fi haka bukata. Wanda ba zai iya wannan zirga-zirga ba, nailan mai kyau ya fi masa, ko gauraye: foliyesta a tsaye, nailan a kwance. In ba ka taɓa tsinka nailan ba, bugunka bai kai inda foliyesta za ta amfane ka ba tukuna.

In gwanjo za a saya

Yawancinmu a gwanjo muke samun raket, kuma ba abin kunya ba ne. Na kabon mai shekara goma, in lafiyarsa ƙalau, ya fi sabon na alminiyam nesa ba kusa ba. Ga yadda ake bambancewa: na alminiyam yawanci za ka ga an jona wata gada daban a wuyansa, na kabon kuwa a dunƙule aka yi shi. Bi firam da yatsa a hankali, musamman kafaɗunsa da samansa. Ƙujewar fenti ba komai, amma siririn tsagi da ya ratsa firam yana nufin raket ya gama aiki. Girgiza shi ka ji ko wani abu na kaɗawa a ciki. Duba ƙananan robobin da tsirkiya ke bi ta cikinsu, in sun farfashe za su riƙa yanke ta. Akwai kuma jabu da yawa: ka ɗora shi a sikelin mai shago, in nauyin ya yi nisa da wanda aka rubuta, bayan ka cire kimanin giram 15 zuwa 20 na tsirkiya, ajiye musu kayansu. In da hali, ari irinsa wurin aboki ka buga awa guda kafin ka biya.

Raket ɗin tauraro ba naka ba ne

Abin da kuke gani a hannun taurari a talabijin sau da yawa fentin ne kawai ya yi daidai da na shago. Ana ƙara musu dalma, ana gyara musu mariƙi, ana sauya musu tsirkiya kowane wasa. Raket ɗin da Wilson ya fitar da sunan Federer a 2014 giram 340 ne. Yaro ɗan aji huɗu da ya haɗa irin wannan nauyi da matacciyar foliyesta yana gayyatar ciwon gwiwar hannu, wanda kan hana mutum wasa wata da watanni, har riƙe biro a ɗakin jarrabawa ya zama wahala. Ciwon da ya wuce kwana biyu ko uku, a huta, a je asibiti.

Nduka Odizor, wanda ya taso a Legas, ya doke Vilas ɗin nan a Wimbledon a 1983 har ya kai zagaye na huɗu, tun kafin foliyesta ta yaɗu. Shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta 1988 a Seoul. Yau ma ana gasar Dala Hard Court a Kano, kuma ba a tambayar kowa sunan raket ɗinsa a bakin ƙofa. Ku nemi wanda ya dace da hannunku da aljihun iyayenku, ku ware wani abu domin tsirkiya, sauran kuma ku biya da gumi: bango mai kyau, ƙwallo uku, da sharɓa daga ƙasa zuwa sama sau ɗari biyu kowace yamma.