Daga rumbu zuwa buhu: Yadda ake adana abinci domin ranar tsanani

An ƙirƙiri rumbu ne domin fari da yunwa. Magidanci kan zuba damman gero da dawa a kaka, ya liƙe baki, sai damina ta yi nisa ya buɗe. Sai dai a ƙauyukan Zamfara da gabashin Sakkwato, rumbuna na cikin abin da 'yan bindiga ke cinna wa wuta. A Maiduguri kuma, da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya cinye abincin da ke jibge a gidaje da kasuwanni. Dole hatsi ya koma buhu, cikin ɗaki, inda danshi da ƙwari ke jiran sa.

Danshi ya fi haɗari, domin ba a ganin sa. Masara ko gyaɗar da ba ta bushe ba kan yi fumfuna mai gubar aflatoxin, wadda ke haddasa kansar hanta, kuma girki ba ya kashe ta. Gwajin ba wuya: a zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalba, a rufe, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Wajen ƙwari ne aka fi yin ɓarna. Wasu 'yan kasuwa na yayyafa wa wake Sniper, maganin da ke ɗauke da sinadarin dichlorvos. Saboda wannan sinadari Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da Turawa suka ƙi, shi ake dafawa a gida. Alhali akwai buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar: leda biyu masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje. Ana matse iska, a ɗaure kowane daban. Ƙwaron da ke ciki ya shanye ragowar iskar ya mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Jarkar da aka cika maƙil aka toshe ma tana yin wannan aiki. Huda ɗaya ta ɓera na rusa komai, don haka a ɗora buhu kan katako, nesa da bango.

Wanda ya gudu da dare kuwa ba shi da murhu. Abin da ke yi masa rana shi ne garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi da dabino, waɗanda ake ci ba wuta kuma suna shiga ƙullin zane.

Rumbun gwamnati fa? A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, rabon kowa bai wuce giram 210 ba.