Gaskiya ko Jita-jita: Nam June Paik da Akwatunan Talabijin

A garin Gwacheon, kudu da birnin Seoul, gidan adana ayyukan fasahar zamani na Koriya ta Kudu yana da wata hasumiya da aka gina da akwatunan talabijin 1,003, tsayinta ya haura mita 18. Wanda ya tsara ta shi ne Nam June Paik, haifaffen Seoul a 1932, wanda ya rasu a Miami ta Amurka a 2006. Tun yana raye ake kiransa uban fasahar bidiyo, kuma kamar kowane mai suna, labarinsa ya sha ƙarin gishiri. Ga wasu daga cikin abubuwan da ake yawan faɗa a kansa.

An ce fasahar bidiyo ta fara ne a rana guda

Labarin da ya fi yawo shi ne, ran 4 ga Oktoba 1965 Paik ya sayi sabuwar kyamarar Sony ta ratayawa a New York, ayarin Fafaroma Paul na Shida ya tare masa hanya, sai ya ɗauki hoton ayarin daga cikin tasi, ya nuna shi da daddare a wani gidan shan gahawa mai suna Café au Go Go. Zuwan Fafaroma a ranar gaskiya ne. Amma masu bincike sun daɗe suna saka ayar tambaya a kan tasin, domin kyamarar Sony mai aiki da batir ba ta shigo kasuwa ba sai 1967. Wadda ake samu a 1965 sai an jona ta da wutar gida.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, aikin ya riga ranar. Tun a 1963, a Galerie Parnass da ke Wuppertal ta Jamus, Paik ya baje talabijin fiye da goma waɗanda ya sauya wa wayoyin ciki har hoton ya karkace. A wannan lokacin kuma Bajamushe Wolf Vostell yana nasa gwaje-gwajen da talabijin. Paik yana sahun farko, babu ja, amma ba shi kaɗai ba ne a sahun.

An ce ya tsani talabijin, shi ya sa yake lalata ta

Wannan ce jita-jitar da ta fi damuna, domin tana juya ma'anar aikinsa gaba ɗaya. Wanda ya ga aikinsa na 1965, inda ya ɗora ƙaton maganaɗisu a kan akwatin talabijin hoton ya murɗe ya koma zare-zaren haske, zai iya cewa fushi ne. To amma a farkon baje aikin, 'yan kallo ne ke matsar da maganaɗisun da hannunsu, hoton yana bin su. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda gidan talabijin ke magana shi kaɗai, miliyoyin mutane suna zaune ba su da bakin mayar da amsa. Yana so mai kallo ya sa hannu.

Waƙa da kiɗa ya karanta tun asali. Ya kammala Jami'ar Tokyo a 1956 da bincike a kan mawaƙin nan Arnold Schoenberg, ya wuce Jamus, inda ya haɗu da mawaƙi John Cage a 1958. Da wannan idon ya kalli talabijin, a matsayin kayan kiɗa da mutum zai koyi sarrafawa. Shi da injiniya ɗan Japan, Shuya Abe, sun ƙera na'urar da ke sauya launi da siffar hoton bidiyo nan take, aka yi amfani da ita a tashar WGBH ta Boston wajen 1970. Maƙiyin talabijin ba zai kwana a ɗakin watsa shirye-shirye yana ƙera mata sababbin kayan aiki ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta ranar 1 ga Janairu 1984. Littafin George Orwell mai suna 1984 ya zana duniyar da allon talabijin ya zama idon azzalumar gwamnati. Paik ya mayar masa da martani da shirin Good Morning, Mr. Orwell, wanda ya haɗa New York da Paris kai tsaye ta tauraron ɗan Adam, aka kalle shi har a Jamus da Koriya ta Kudu. An sami tangarɗar na'ura ana cikin watsawa, kuma hakan bai rage wa shirin daraja a wurinsa ba. Ya san hatsarin kyamara sarai: a aikinsa TV Buddha na 1974, gunkin Buddha na zaune yana kallon hoton kansa da kyamara ke ɗauka babu tsayawa. Sai dai ya yi imani na'urar da ke iya leƙen asirin mutane tana iya sada su.

An ce shi ya ƙirƙiro intanet

A'a. A 1974 ya rubuta wa Gidauniyar Rockefeller rahoto yana ba da shawarar shimfiɗa babbar hanyar sadarwa ta lantarki da za ta haɗa birane. Hangen nesa ne na gaske. Amma ARPANET, wadda intanet ta samo tushe daga gare ta, ta fara aiki tun 1969.

An ce Koriya ce ta raine shi har ya yi suna

Iyalinsa sun bar ƙasar a 1950 saboda yaƙi, bai sake taka ta ba sai 1984. Babbar kyautar da ya ci a baje kolin Venice a 1993, a rumfar Jamus ya ci ta, tare da mai fasaha Hans Haacke. Koriya ta rungume shi daga baya, kuma da gaske ta yi: a 2008 aka buɗe cibiya mai sunansa a Yongin.

An ce aikin lantarki ba ya tsufa

Ya fi zanen fenti saurin tsufa nesa ba kusa ba. Hasumiyar Gwacheon, wadda aka gina a 1988 albarkacin gasar Olympics ta Seoul, adadin akwatunanta yana nuni ne da 3 ga watan 10, ranar tunawa da kafuwar al'ummar Koriya. A 2018 aka kashe ta saboda fargabar gobara. Masana'antu sun daina ƙera talabijin mai ƙaton baya, don haka masu gyara suka bazama neman tsofaffi na hannu. An yi ta muhawara: idan aka sa sabon allo, aikin Paik ne har yanzu? Gidan adanar ya zaɓi riƙe tsofaffin akwatunan iya iyawarsa. Aka gyara ko aka musanya mafi yawansu da irinsu, sannan 266 daga cikin ƙananan aka sa musu allon zamani a cikin tsohuwar sura. An sake kunna ta a Satumban 2022, kuma an taƙaita sa'o'in da take aiki domin akwatunan su ƙara kwana.