Dusa kaɗai ba ta isa ragon turka ba

Ana saura mako uku layya, wata dattijuwa a ƙungiyar mata masu turka ta aiko a kira ni. Ragonta ya daina cin abinci, yana ta yunƙuri, fitsari sai ɗigo. Na ce: «Inna, me kike ba shi?» Ta ce dusa safe da maraice, harawa ta yi tsada. Tsakuwa ce ta toshe masa hanyar fitsari, dole aka yanka shi a kan asara.

Tushen matsalar wani sinadari ne mai suna kalsiyom. A zallarsa ƙarfe ne mai launin azurfa, maras tauri sosai, lambarsa 20 a jerin sinadarai, yana narkewa a zafin digiri 842. Amma ba za ku taɓa tsintarsa haka a daji ba, don ba ya zama shi kaɗai. In ya sha iska sai ya dushe, in aka jefa shi cikin ruwa sai ya yi ta kumfa. Kullum a haɗe yake da wani abu: cikin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, cikin ɓawon ƙwai, cikin ƙashi.

A jikin dabba ma haka yake. Kashi 99 cikin 100 nasa yana cikin ƙashi da haƙora, tare da abokin tafiyarsa fosfor. Abincin rago yana son kalsiyom kashi biyu, fosfor kashi ɗaya. Dusa kuwa fosfor ya yi mata yawa, kalsiyom kaɗan ne. Rarar fosfor ɗin takan bi fitsari ta dunƙule, hanyar namiji kuma siririya ce. Harawar wake da ta gyaɗa su ne masu kalsiyom.

Mai shayarwa ta fi kowa buƙata, don kowace lita ta madara tana fita da gram ɗaya da ɗoriya, dakashi ya fi haka. Shi ya sa saniya mai yawan nono takan kwanta cikin kwana uku bayan haihuwa, kunnuwa da sanyi, kai a lanƙwashe gefen ciki. In kun ga haka ku kira ma'aikacin dabbobi nan take. Kada ku yi mata allurar kalsiyom da kanku: in ta shiga jijiya da sauri tana iya tsayar da zuciya.

Kanwa gishirinta daban ne, ba ta maye gurbinsa. Ƙonannen farin dutse na shafen bango kuwa, in ya taɓa ruwa zafi yake yi, zai ƙone bakin dabba.

Don haka ku tanadi harawa tun da kaka tana araha, ku haɗa ta da dusar, kuma kada ruwan sha ya yanke a gaban rago.