OLISADEBE: ƊAN NIJERIYA DA YA BUGA WA POLONI BALO

Mai sauraren rediyo ya sha jin ana cewa wane ɗan Afirka ne, amma wata ƙasar Turai yake buga wa balo. Yaya haka take faruwa? Ga labarin Emmanuel Olisadebe.

An haife shi a 1978 a Warri, can kudancin Nijeriya. Ɗan gaba ne, wato aikinsa cikin fili shi ne jefa balo a raga. Ya fara wasa a gida, cikin ƙungiyar Jasper United. A 1997 ya tafi neman arziki ƙasar Poloni, ƙasa mai tsananin sanyi a Turai. Ƙungiyar Polonia ta birnin Warso ta ɗauke shi.

Zaman bai zo da daɗi ba. Ga sanyi, ga baƙon harshe, ga kuma wulaƙanci. A wancan lokaci baƙar fata ba su da yawa a Poloni. A wasu filaye ƴan kallo suna yi masa kukan biri. A garin Lubin har ayaba suka jefe shi da ita. Wannan abin kunya ne ga masu yin sa. Shi dai bai tattara kayansa ba. A 2000 Polonia ta zama zakaran ƙasa, abin da rabonta da shi tun 1946.

To, a nan maganar takarda ta taso. Ƙungiyar gari tana iya ɗaukar baƙo ta biya shi, kamar yadda mai gona yake ɗaukar ɗan ƙwadago. Ƙungiyar ƙasa kuwa sai ɗan ƙasa. Poloni tana da masu tsaron baya, amma ba ta da mai cin balo, kuma tun 1986 ba ta je wasan kofin duniya ba. Jerzy Engel, wanda ya koyar da shi a Polonia, shi ne aka ba riƙon ƙungiyar ƙasa. Ya nace sai an ba yaron takardar zama ɗan ƙasa. Bisa al'ada sai baƙo ya shekara 5, shi kuwa bai cika ba. Shugaban ƙasa Kwasniewski ya sa hannu a watan Yuli na 2000.

Wannan ba ƙaramar shawara ba ce ga saurayi ɗan shekara 21. Bisa dokar balo ta lokacin, wanda ya buga wa wata ƙasa wasan gasa, ya rufe wa kansa ƙofar ƙasar haihuwa ke nan har abada. Sai dai Nijeriya ba ta taɓa sa shi wasa ba. Tana da su Kanu da Ikpeba, wa zai tuna da wani yaro a Warso?

Shi ne baƙar fata na farko da ya sa rigar Poloni. Wasansa na farko da Rumaniya ne, a watan Agusta, ya ci 1. A watan Satumba ya ci 2 a Kiyef, aka doke Yukiren 3 da 1 a gidanta. A 2001 ya ƙara 2 a Oslo ta ƙasar Norwe. Cikin wasannin neman shiga kofin duniya ya ci 8. Poloni ta samu shiga bayan shekara 16. Mutanen ƙasar suka laƙaba masa suna "Oli", yara suna sa riga mai sunansa.

A 2002 aka yi kofin duniya a Koriya ta Kudu da Japan. Abin bai yi kyau ba. Koriya ta ci Poloni 2 da 0, Fotugal ta ci ta 4 da 0. A wasa na uku Olisadebe ya jefa wa Amurka balo cikin minti 3, aka tashi 3 da 1, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Nijeriya ma ta je, ita ma tun zagayen farko ta komo gida. Balo 1 tak ta ci cikin wasa 3, daidai da abin da ɗan nata ya ci wa wasu shi kaɗai.

Tun 2001 ya koma Panathinaikos ta ƙasar Girka, inda suka ci kofi biyu a 2004. Daga nan gwiwa ta fara cin sa. Ɗan balo da gwiwa kamar manomi ne da ƙugu, in ta lalace aiki ya tsaya. An yi masa aiki, ya yi ta jinya. A 2006 Portsmouth ta Ingila ta ɗauke shi, wasa 2 kawai ya yi. Ya koma Girka, sa'an nan ya tafi ƙasar Sin, ƙungiyar Henan, daga 2008 zuwa 2010, inda ƙafarsa ta ɗan dawo.

Poloni kuwa ba ta jira gwiwar ta warke ba. Wasansa na ƙarshe da rigarta a 2004 ne, yana da shekara 25. Duka-duka ya buga mata wasa 25, ya ci 11.